Layin Ƙasar da Aka Sauka ko eSIM: Zaɓin Matafiyi Daga Bande

Hanyoyi uku ne matafiyi ke da su na samun intanet a wayarsa idan ya tsallaka iyakar ƙasa. Ko dai ya bar layinsa na gida ya ci gaba da aiki a kan turakun wani kamfani na ƙasar da ya shiga, abin da kamfanonin ke kira romin. Ko ya sayi katin sim na wannan ƙasar ya saka. Ko kuma ya sayi layin da ba shi da kati, wanda ake saukewa cikin waya ta intanet, wato eSIM. Masu tallar na ukun sun fi kowa ɗaga murya a 'yan shekarun nan, kuma wani irin matafiyi suke hange idan suna tallar: mai fasfo, mai katin banki na ƙasa da ƙasa, mai babbar waya, wanda zai sauka a filin jirgi ya yi kwana goma ya juyo. Akwai irinsa a jihar Damagaram, wato Zinder, amma ba shi ya fi yawa ba.

Ga mutumin Bande, ƙasar waje ba ta da nisa. Garin yana kan hanyar da ta taso daga Zinder ta gangara Magaria, ta wuce Tinkim ta faɗa Najeriya ta Babban Mutum, daga nan sai Babura, sai Kano. Ta ɓangaren Dungass, wadda aka cire daga Magaria ta zama gunduma a 2011, hanya tana kai mutum Maigatari ta jihar Jigawa, inda kasuwar dabbobi ke ci ranar Alhamis. Da wake da riɗi da bisashe ake tsallakawa, a dawo da atamfar Kantin Kwari da kayan masarufi na kasuwar Singa. Idan an kai amfanin gona rumbu, samari su bazu cin rani, wasu Kano da Legas, wasu su yi arewa ta Agadez zuwa Aljeriya da Libiya. Ga almajirai da malamansu, ga masu zuwa biki da ta'aziyya a Baure da Zango da Daura, ga maniyyata da ke tashi kowace shekara. A wurin kamfanin waya duk waɗannan tafiya ce zuwa ƙetare, ko da mutum bai canza harshe ba, bai ma canza kuɗin aljihunsa ba, tunda naira tana yawo a kasuwannin yankin tare da sefa. Zaɓin layi a nan magana ce ta kowane mako, kuma da bukatun waɗannan mutane ya kamata a auna ta.

Katin sim ɗan guntun lantarki ne da ke ɗauke da lambar da kamfani ke gane mai layi da ita, da wani mabuɗin sirri da ke tabbatar wa turken sadarwa cewa layin na gaske ne. Abin da eSIM ya sauya shi ne mazaunin waɗannan bayanai. Tun a masana'anta ake liƙa guntun a cikin wayar, sai mai ita ya haska wata alama mai murabba'i da ake kira QR da kyamara, bayanan layin su sauka. Ƙungiyar kamfanonin salula ta duniya, GSMA, ita ta fitar da ƙa'idar a 2016. Google ya sa shi a wayar Pixel 2 a 2017, Apple ya biyo da iPhone XS da XR a 2018, a 2022 kuwa iPhone 14 da aka sayar a Amurka ya zo babu ramin kati kwata-kwata.

Abu biyu ne mabambanta ake kira da wannan suna, kuma rashin rarrabe su ne ke ruɗa mai saye. Akwai eSIM na kamfanin cikin ƙasa, irin wanda MTN ya fara gwadawa a Najeriya a 2020 da izinin hukumar sadarwar ƙasar, NCC. Wannan cikakken layi ne, da lamba da kira da saƙo, kuma sai an yi masa rajista kamar kowane layi. Akwai kuma eSIM na matafiya, wanda kamfanoni irin su Airalo da Holafly ke sayarwa ta manhaja. Waɗannan ba su da turke ko ɗaya a Kano ko Jidda. Sarin data suke yi daga kamfanonin da ke da yarjejeniyar romin, kamar mai sarin buhun gero a Dawanau ya dawo yana aunarwa da tiya. Wanda ya sayi irin wannan, romin ɗin dai yake yi, sai dai da layin wata ƙasa ta uku, kuma da farashin da aka yanka tun kafin tafiya. Inda babu rezo na kamfanonin ƙasar da ya shiga, shi ma ba zai kama komai ba.

Kafin a kai ga maganar kuɗi, wayar da ke hannu ita ke fara yanke hukunci. Wayoyin da suka cika teburan masu sayar da salula a Magaria da Zinder na kamfanin Transsion ne na China, wato Tecno da Itel da Infinix, kuma mafi yawansu ba su da guntun eSIM. Abin da suke da shi, wanda ya taimaka musu suka karɓu tun farko, ramin kati biyu ne. Ga mazaunin bakin iyaka wannan ya wadatar: layin Nijar a rami ɗaya, na Najeriya a ɗayan. Ko manyan wayoyi na hannu da ake kawowa ba duka ke ɗauka ba, domin galibin iPhone da aka ƙera don kasuwar China kati biyu suke ci babu eSIM, wasu kuma suna zuwa a kulle da sunan wani kamfanin Turai ko Amurka, su ƙi baƙon layi. Gwajin ba shi da wuya. A danna *#06#, in har cikin lambobin da suka fito akwai wata doguwa mai suna EID, to wayar tana ɗauka. Wanda ya biya kafin ya gwada yana iya asarar kuɗinsa.

Babban abin da ya raba layukan biyu shi ne lamba. Galibin eSIM na matafiya data ce zalla, babu lambar da za a kira mutum da ita, babu ƙaramin saƙo da zai shigo. Wanda duk hulɗarsa ta WhatsApp ce ba zai ji wani rashi ba. Amma dillalin kara a Maigatari, da direban da zai ɗauko kaya, da mai masaukin da ke jiran baƙo a Fagge, da gyatumar da aka baro a gida, da yawansu ƙaramar waya mai madannai gare su, kuma kira suka sani. Falken da ba a iya samunsa da kira ciniki yana wuce shi. Sannan kuɗi ma yanzu lamba suke bi. Tun ƙarancin takardun naira na farkon 2023, ciniki a kasuwannin Najeriya ya karkata ga turawa ta waya, kuma banki ko OPay ko Moniepoint ga lambar Najeriya suke aika lambobin tabbatarwa. Gajerun lambobin da ake dannawa a tura kuɗi ba tare da intanet ba, su ma layin ƙasar suke bukata. Haka abin yake a gida: asusun Airtel Money da Moov Money da Zamani Cash duk a jikin lamba suke rataye, kuma mai aika wa iyalinsa kuɗi ta Nita ko Amana lambar waya ake fara tambayarsa. Saboda wannan dalili kaɗai, duk wanda tafiyarsa ta neman abinci ce, kuma zai ɗauki makonni ko zai riƙa komawa, layin ƙasar da ya sauka shi ya fi dacewa da shi. Ba a kai ga lissafin mega ba ma an gama magana.

Sai dai samun layin ƙasar ba kullum yake zuwa da sauƙi ba, kuma nan ne matsalar mutanen iyaka take. A watan Disamba na 2020 gwamnatin Najeriya ta ba da umarnin haɗa kowane layi da lambar shaida ta NIN. A watan Afrilu na 2022 aka hana layukan da ba su haɗa ba yin kira, daga baya aka sa 14 ga Satumba 2024 a matsayin wa'adin ƙarshe. Tsarin ya bar ƙofa ga baƙon da ya zo ɗan gajeren zama ya yi rajista da fasfonsa, amma manomin da ya koro raguna zuwa kasuwa bai cika riƙe fasfo ba. Abin da yakan biyo baya sananne ne: a roƙi ɗan uwa ko aboki ya yi rajista da sunansa, ko a sayi layin da aka riga aka yi wa rajista a bakin tasha. Na biyun laifi ne a dokar Najeriya, kuma ko babu doka ganganci ne. A wurin kamfani, mai layi shi ne wanda sunansa ke rajista. Idan wayar ta ɓata, shi kaɗai ke iya zuwa a sake fitar masa da layin. Idan zuciyarsa ta ɓaci, yana iya fitar da shi ba tare da sanin mai riƙe da shi ba, kuma duk saƙon kuɗi ya koma hannunsa. Idan kuma an taɓa aikata wani laifi da lambar, wanda aka samu da ita a aljihu shi zai fara amsa tambaya, a ƙasar da ba tasa ba. Aron sunan ɗan uwa na jini ya fi sayen na bakin tasha sauƙin haɗari, amma shi ma bai kamata a ɗora masa asusun jari ba. Ɗan kasuwar da harkarsa ta kai ya riƙa juya kuɗi masu kauri tsakanin ƙasashen biyu, kuɗin yin fasfo ba asara ba ne gare shi.

A nan eSIM na matafiya yana da wata fa'ida ta gaske, domin da yawansu ba sa neman takardar shaida. Wannan sassaucin ne kuma ke sa wasu gwamnatoci ba sa maraba da shi. Indiya ta sa an cire manhajojin Airalo da Holafly daga rumbunan Apple da Google na ƙasarta a farkon 2024, Turkiyya kuma ta toshe shafukan masu sayar da irin wannan layi da dama a 2025. Mai niyyar amfani da shi sai ya saya ya sauke tun yana gida, inda yake da intanet.

Maganar farashi gajeriya ce. Kusan ko'ina gigar kamfanin cikin ƙasa ta fi araha, tunda ta eSIM sai ta bi hannun mai sari, kuma da dalar Amurka ko yuro ake yanka ta. Biyan ma yawanci sai da katin Visa ko Mastercard, wanda ba kowa ke da shi ba a Bande. Wanda ya bi ta hannun wani ya saya masa, ya tabbata amintacce ne, domin alamar QR sau ɗaya yawanci take aiki. Tallar da ke cewa data ba iyaka a karanta ta da kyau, sau da yawa gudun yana raguwa bayan an ci wani adadi a yini. A gefen Najeriya kuwa lissafi ba ya zama wuri ɗaya: darajar naira ta sauya sosai tun Yunin 2023, kuma a Janairun 2025 hukumar NCC ta amince da ƙarin da ya kai kashi 50 cikin 100 a kuɗin kira da data. Kwatancen bara ba ya yi wa bana aiki.

Akwai kuma abin da hanya ke jawowa. Waya takan mutu saboda rashin caji, takan faɗi gilashi ya fashe, takan shiga ruwa. Mai kati sai ya zare shi ya saka a wayar abokin tafiya ya yi kiransa. Mai eSIM ba shi da wannan dama, layin yana cikin wayar da ta mutu. Amma idan sata ce, abin ya juya: ɓarawo yana iya zare kati ya saka a wata waya ya nemi shiga asusun kuɗi, alhali eSIM ba ya zaruwa. Maganin wannan tsoho ne kuma kyauta, a sa wa katin lambar sirri ta PIN, yadda ba zai buɗe a wata waya ba sai da ita. Mutane kaɗan ne ke yi, ga shi kuwa ba ya cin minti biyu.

Inda eSIM ya yi zarra shi ne tafiyar jirgi mai gajeren zango ko mai ratsa ƙasashe da yawa. Ɗan kasuwar Zinder da zai je Guangzhou ta Addis Ababa, ko Dubai, ko Istanbul, da ɗalibin da zai sauka Kasablanka da tsakar dare, suna bukatar intanet tun daga ƙofar jirgi don su nemi mai tarbarsu, kafin su san inda ake sayar da layi. A China abin ya wuce haka. Layin ƙasar ba ya buɗe WhatsApp da Facebook da Google, amma datar romin takan bi ta na'urorin kamfaninta na asali a wata ƙasa kafin ta fita duniya, shi ya sa sau da yawa waɗannan manhajoji ke aiki a kanta. A Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa ma an taƙaita kiran murya na WhatsApp a layukan ƙasar. Wannan zagayen da data ke yi yana da nasa kuɗin: yana ƙara ɗan jinkiri a kiran bidiyo, kuma wasu manhajojin banki suna ganin kamar mutum yana wata ƙasa dabam, su ƙi buɗewa. Abin da ya fi wa irin wannan matafiyi shi ne ƙaramin eSIM na kwanakin farko, in zaman ya yi tsawo ya nemi layin ƙasar.

Aikin Hajji da Umra yana bukatar a tsaya a kansa, domin yawancin mahajjatan karkara dattawa ne, wasu ma wannan ce fitarsu ta farko. A Saudiyya kamfanonin STC da Mobily da Zain suna sayar da layi ga baƙi tun daga filayen jirgin Jidda da Madina, da fasfo da hoton yatsa. Intanet ya zama dole, tunda ta manhajar Nusuk ake neman izinin shiga Rauda. Duk da haka, abin da ya fi muhimmanci ga dattijon da ya rabu da ayarinsa a Mina ko a hanyar jifa shi ne lambar da jagora zai kira ta shiga, ko wadda wani bawan Allah zai karanta a jikin katin wuyansa ya kira masa. Data zalla ba ta yin wannan. Hukumar alhazai ta Nijar, COHO, da kamfanonin jigilar alhazai za su kyauta idan suka sa bayanin layi cikin bitar maniyyata, kuma suka tattara lambobin Saudiyya na kowane ayari tun ranar sauka.

Masu bin hanyar arewa kuwa, zaɓin bai ma taso musu ba sai sun isa gari. Tsakanin Arlit da Assamaka da In Guezzam, ko tsakanin Dirkou da iyakar Libiya, akwai dogayen wurare da babu turke, ba kati ba eSIM, shi ya sa direbobin Sahara ke riƙe wayar tauraron ɗan Adam ta Thuraya. A Tamanrasset layukan Mobilis da Djezzy da Ooredoo ne, a Sabha kuma Libyana da Al-Madar, kuma matsalar takardu da aron suna tana nan kamar ta kudu, har ta fi tsanani.

Kowane layi aka zaɓa, kada a bar na gida ya mutu. Kamfanoni suna karɓe lambar da ta yi watanni ba ta motsa ba su sayar wa wani, kuma ɗan cin rani yakan dawo ya tarar lambar da dangi suka haddace tana hannun baƙo. Ɗan kiredi kaɗan lokaci zuwa lokaci yana hana haka. WhatsApp ba ya bukatar a canza masa lamba don an saka sabon kati, yana ci gaba da tsohuwar a kan kowace data, amma a kunna masa tabbatarwa mai mataki biyu, don kada wanda ya gaji lambar ya gaji hirarrakin rukuni da sunan mai ita. A kashe datar romin a layin gida kafin a tsallaka. Mazauna ƙauyukan da ke daf da iyaka suna da ƙarin wata damuwa: waya takan kama turken ƙasar maƙwabta da kanta alhali mutum yana cikin gonarsa, kiredi ya tafi a farashin romin. A shiga saitin waya a zaɓi rezo da hannu, a hana ta zaɓa da kanta.

Duk wannan ɗawainiya ta samo asali ne daga tsadar romin, kuma tsadar ba dole ba ce. A 2006 kamfanin Celtel ya fara tsarin One Network a Kenya da Tanzaniya da Uganda, a ƙarshen 2007 ya faɗaɗa shi har Nijar da Najeriya: mutum ya amsa kira kyauta a ƙetare, ya kira a farashin ƙasar da yake, ya sa katin kiredin wurin. Kamfanin ne ya zama Zain a 2008, ya zama Airtel a 2010, kuma har yau yana aiki a ɓangarorin iyakar biyu. Tarayyar Turai ta soke ƙarin kuɗin romin tsakanin ƙasashenta a watan Yunin 2017. ECOWAS ta zartar da nata tsarin a Disambar wannan shekara, amma aiwatarwa ta yi ta jan ƙafa, sai ƙasashe bibbiyu suka riƙa ƙullawa tsakaninsu, kamar Ghana da Kodebuwa a 2023. A watan Nuwamba na 2024 hukumomin sadarwa na Nijar da Mali da Burkina Faso suka sa hannu a Yamai kan cire kuɗin romin tsakanin ƙasashen ƙawancensu na AES, kuma a ranar 29 ga Janairu 2025 ficewar ƙasashen uku daga ECOWAS ta tabbata.

Yarjejeniyar AES abin yabo ce, kuma za ta amfani mai zuwa Wagadugu da Bamako. Amma mutumin Magaria da Dungass ba can yake zuwa ba ranar kasuwa. Iyakar da ta shafi tukunyarsa ita ce ta kudu, mai tsawon kusan kilomita 1,500, wadda ya ga yadda rufe ta daga Agustan 2023 zuwa Maris 2024 ya taɓa farashin komai. Saɓanin siyasa tsakanin Yamai da Abuja bai kamata ya hana hukumar sadarwar Nijar, ARCEP, da NCC zama kan wannan batu ba, kuma akwai tsohon zauren da aka tanada don irin haka, wato Hukumar Haɗin Gwiwar Nijar da Najeriya da aka kafa a 1971, mai mazauni a Yamai. Abubuwan da za a tattauna ba su da yawa: amsa kira kyauta na wasu makonni ga wanda ya tsallaka, kira da data a farashin ƙasar da aka shiga, karɓar katin shaidar ɗan ƙasa na kowane ɓangare wajen rajistar layin wucin gadi ga wanda ba shi da fasfo, da daidaita ƙarfin turakun bakin iyaka yadda wayar manomin Tinkim ba za ta riƙa kama turken Babban Mutum tana cin kiredinsa ba.